Gurbin ilektiron abu ne ko ba komai ba?

Ƙanena, ka tambaya yadda gurbin ilektiron (ƙwayar zarra mai cajin nagatif), wurin da babu komai cikinsa, zai ɗauki wutar lantarki. Ka tuna sallar Juma'a a Agege. Wani ya fita daga sahun gaba, na bayansa ya cike wurin, na can baya ya matso. Mutane gaba suke yi, giɓin kuwa baya yake tafiya. To haka yake cikin silikon, sinadarin da ake yin kayan lantarki da shi.

Kowane atom na silikon yana da ilektiron 4 a waje, duk a ɗaure da maƙwabta. In an barbaɗa sinadarin boron, mai ilektiron 3 kacal a waje, ɗauri ɗaya zai rasa ilektiron. Ka sa batir, ilektiron na kusa ya faɗa wurin, gurbin ya matsa wajen gefen nagatif na batirin, tamkar mai cajin fozitif. Shi ya sa ake ce wa wannan silikon nau'in P, wato fozitif.

Amma kada ka ɗauke shi kamar furoton (ƙwaya mai cajin fozitif da ke tsakiyar atom), wannan kuskuren ya kayar da ni jarrabawa. Gurbi ba ya rayuwa a wajen kiristal, wato jerin atom ɗin da ke ɗaure da juna. Ba shi kuma da sauri: a silikon, ilektiron ya fi shi saurin motsi kusan sau 3.