Amsa ga ƙanenmu da ya tambayi yadda ake nazarin wasa kafin yankar tiketi

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi haƙuri, wannan muryar za ta ɗan yi tsawo. Ƙanena, na saurari saƙonka tun da la'asar, ina gidan kallo muna gyaran benci shi ya sa ban amsa ba. Ka ce tunda na daɗe a harkar ƙwallo, kuma kowa a nan ya san a da ina yankar tiketi, wato sa kuɗi a kan hasashen sakamakon wasa, in koya maka yadda ake nazarin wasa kafin a sa kuɗi, don ka gaji kullum wasa ɗaya ke ɓata maka tiketi. To, zan faɗa maka duk abin da na sani, ba zan rage komai ba. Alfarma ɗaya nake nema, ka saurara har ƙarshe.

Yawancin yaranmu abu biyu suke dubawa, sunan kulob da sakamakon wasa biyar na baya. Wannan shi ne mafi rauni a nazari. Mai nazari na gaske yakan fara da tambayar a ina za a buga. Gida gida ne. Mu nan Kano mun gani da idonmu, Pillars ta yi kusan shekara 12 ba a ci ta wasan lig a gida ba, sai a 2015 Nasarawa United ta zo ta karya tarihin. Amma ka ga abin da ya faru lokacin korona, da aka hana 'yan kallo shiga fili. A kakar Firimiya ta 2020 zuwa 2021 baƙi sun fi masu masauki cin wasa. Liverpool da ta yi wasan lig 68 ba a doke ta a filinta na Anfield ba, Burnley ta zo ta ci ta, har ta sha kashi sau 6 a jere a gidanta, har da na Burnley ɗin. Ashe ihun jama'a ne babban rabon ƙarfin gida, ba ciyawar filin ba.

Sai ka duba su waye za su buga. Sunayen 'yan wasa kan fito kamar awa ɗaya kafin a take leda, wanda ya yanki tiketi tun ranar Laraba a makance ya yanka. Wa ya ji rauni, wa ke da jan kati, wa koci zai hutar. Kuma rashin mai tsaron raga ko ɗan baya na tsakiya shi ma yana da illa, sai dai mutane ba sa lura da hakan. Akwai gajiya: kulob ɗin da ya buga gasar Europa ranar Alhamis a wata ƙasa ya dawo ya buga lig ranar Lahadi, ƙafafunsa ba daidai suke da na wanda ya huta mako guda ba. Akwai lokacin kofin Afirka, da kulob zai rasa gwanayensa na makonni. Akwai ƙarshen kaka, inda wanda ke gudun faɗuwa ke buga wasa kamar ransa, wanda ke tsakiyar teburi kuwa hankalinsa ya riga ya tafi hutu. Tarihin haɗuwar kulob biyu kam ban cika ba shi muhimmanci ba, don waɗanda suka buga shekara goma baya ba su ne a fili yau ba.

Akwai kuma wani ma'auni da masana ke amfani da shi, suna ce masa eks-ji, wato auna nauyin kowace dama. Fenareti, misali, kusan uku cikin huɗu ana cin ta, harbi daga nesa kuwa da ƙyar ake cin ɗaya cikin da yawa. In ka tara nauyin damarmakin, za ka gane kulob ɗin da ya ci 1-0 da sa'a kawai, da wanda aka ci alhali shi ya fi wasa. Wannan ilimi ne mai kyau wallahi, har yau ina duba shi, yana ƙara min daɗin kallo.

Yauwa, ka tambayi handikaf. Abin mai sauƙi ne. Idan babba zai kara da ƙarami, kowa ya san wanda ake kyautata wa zato, sai kamfanin da ake yankar tiketi a wurinsa ya ɗora wa babban bashin ƙwallo tun kafin a fara. In an ce bashin ɗaya da rabi ne, sai ya ci da ratar ƙwallo 2 kafin tiketinka ya shiga. In bashin ɗaya ne cif, a irin handikaf ɗin da ake kira na Asiya, ya ci da ratar ƙwallo ɗaya, kuɗinka za a mayar maka. Manufar ita ce a daidaita ɓangarorin biyu su zama kamar jefa kwabo, kai ko wutsiya.

To a nan nake so ka buɗe kunnenka sosai, don nan ne ni na yi shekaru ban gane ba. Idan an daidaita su, adalci shi ne kowane ɓangare ya zama od 2.00, od ɗin shi ne lambar da ake ninka kuɗinka da ita in ka ci. Amma duba wayarka, abin da za ka gani shi ne kamar 1.90 nan, 1.90 can. Mu ɗauka ni na sa naira 1,000 a wannan ɓangaren, kai ka sa 1,000 a wancan. Kamfani ya karɓi 2,000. Ko ni na ci ko kai ka ci, 1,900 zai biya. Naira 100 ta zama tasa tun kafin alƙalin wasa ya busa usur. Ka gane? Ba ruwansa da wanda zai ci. A irin wannan farashin, sai ka dace sau 53 cikin 100 kafin ka dawo da uwar kuɗinka kawai. Sau 52 asara ce.

Shi ya sa masu yin abin a matsayin sana'a ba sa tambayar wa zai ci. Tambayarsu ita ce, farashin nan ya yi daidai? Ka raba 100 da od ɗin, zai ba ka hasashen kamfani. Od 1.25 na nufin kashi 80 cikin 100, od 2.00 kashi 50, od 4.00 kashi 25. Sai fa in naka lissafin ya fi na kamfani daidai sannan kake da wata riba, shi ma a cikin ɗaruruwan wasanni, ba a Asabar ɗaya ba. Akwai waɗanda suka yi arziki ta nan, ba zan yi maka ƙarya ba. Tony Bloom mai kulob ɗin Brighton da Matthew Benham na Brentford duk daga wannan harkar suka fito. Amma su kamfanoni suka kafa, suka ɗauki masana lissafi da kwamfutoci suna aiki dare da rana. Irin waɗannan mutanen da kuɗinsu su ke gyara farashin kafin ya iso wayarka. Raunin ɗan wasan da ka karanta a Facebook da safe, tun jiya an sa shi a cikin od. Duk abin da na lissafa maka ɗazu, gida da waje, gajiya, eks-ji, sun san shi fiye da ni da kai. Kuma wanda ya fara cin kamfani a kai a kai, sukan rage masa abin da zai iya sawa.

Yanzu mu zo kan dogon tiketinka. Ka ce kana zaɓar wasa 10 masu tabbas a tiketi ɗaya, kowanne od 1.30, kuma sai duka sun shiga za a biya ka. In ka ninka su za su ba ka kusan 13.8, wato naira 1,000 ta zama 13,800, shi ne ke jan ido. Mu yi musu kyakkyawan zato mu ce kowane wasa sau uku cikin huɗu yana shiga. Damar duka goman su shiga tare ba ta kai kashi 6 cikin 100 ba, kusan sau ɗaya a tiketi 18. Ka kashe 18,000 ka karɓi 13,800. Wannan wasa ɗayan da kake cewa shi ke yanke ka, ba baƙin jini ba ne, ba kuma sammu aka yi maka ba. Haka lissafin yake. Kowane wasa ka ƙara, ka ƙara wa kamfani wani yanki.

Kuma ƙwallo ba ta san tabbas ba, don wasa ne mai ƙarancin ci, ƙwallo ɗaya ta juya komai. A gasar kofin duniya ta Katar a 2022 Ajantina ta zo da wasa 36 ba a doke ta ba, Messi ya fara ci da fenareti, Saudiyya ta farke ta ƙara, aka tashi 2-1. Ranar nan gidan kallona ya cika maƙil da rana tsaka, rabi na tsalle suna kabbara, wasu samari huɗu a benci na baya sun yi tsit, ɗaya yana ta murza takardar tiketi a hannu har ta zama kamar auduga. Leicester kuma a 2016 ta ɗauki Firimiya bayan an sa mata od 5,000 a kan 1. Mutane kan kawo labarin Leicester don su ce ana dacewa, ni kuwa abin da nake gani a ciki shi ne, in masu kwamfuta za su yi kuskure irin wannan, ina ga mai waya ɗaya a bakin titi?

Masu ce maka suna da wasan da aka riga aka saya, ka turo kuɗi su ba ka, waɗannan 'yan damfara ne kai tsaye. Sukan ba wasu mutane gida, wasu waje, wasu canjaras, waɗanda abin ya faɗa a kansu su dawo da ƙarin kuɗi. Ka toshe su kawai.

Ni abin da ya tsayar da ni littafi ne, irin na 'yan makaranta mai layi. Na ɗauka ni gwani ne, don a gidan kallo in na ce wane zai ci, sau da yawa yakan ci. Sai na fara rubuta kowane tiketi, abin da na sa da abin da ya dawo. Bayan kaka ɗaya na zauna da daddare bayan an tashi, na haska fitilar waya na tara. Giɓin ya isa in sayi sabon janareta, ga shi a lokacin tsohon nake ta kai wa mai gyara, har akwai watan da na ci bashi kafin na biya kuɗin tashoshi. Ranakun da na ci duk ina tuna su, waɗanda aka cinye ni kuwa zuciyata ta shafe su, littafin ne bai manta ba. Na daɗe a zaune a wurin ban iya tashi ba.

Sannan ƙanena, mu Musulmi ne, ba zan yi kamar ban san wannan ba. Sunanta caca, ko an kira ta wasanni ko hasashe. A Suratul Ma'ida aya ta 90 an haɗa ta da giya an ce a nisance ta, aya ta 91 ta ce tana jefa gaba tsakanin mutane tana hana ambaton Allah da salla. Na ga hakan a kaina, na sha idar da sallar magariba ban san raka'a nawa na yi ba, hankalina na kan minti na 85 na wani wasa a Italiya. Hisbah ta rufe shagunan caca a Kano a 2024, amma shagon yanzu a aljihunka yake, ba mai iya rufe shi sai kai.

Ga abin da nake so mu yi. Kana son nazari, kuma na san kana da kai. Ka samo littafi, daga wannan Asabar ka riƙa rubuta hasashenka da od ɗin da aka sa, ba tare da ka sa ko sisi ba. Mu yi wasa 100, mu ɗauka kowanne naira 1,000 ne, sannan mu zauna ni da kai mu tara. In akwai bashin da ka ci saboda wannan abin, kada ka faɗa a nan, ka kira ni ni kaɗai mu san yadda za a yi. Ka zo ranar Asabar da wuri kafin wasan farko, akwai kujera kusa da ni, shayinka a kaina. Bari in je, an ɗauke wuta ga yara sun fara taruwa, sai na tada janareta. Sai na gan ka.