Ciwon gwiwa: me za a saya, me za a bari?

Tambaya: Mahaifiyata shekarunta 62, likita ya ce guringuntsin gwiwarta ya cinye. Mai kemis ya ce in saya mata glucosamine da chondroitin, wai suna mayar da shi. In saya?

Amsa: Allah ya ba Hajiya lafiya. 'Yar'uwa, riƙe kuɗinki. Guringuntsi ba shi da jijiyar jini, 'yan ƙwayoyin halittar da ke cikinsa suna samun abinci ne daga ruwan gaɓa, shi ya sa in ya lalace ba ya warkewa kamar fata. A wannan ciwo, su kansu ƙwayoyin halittar ne ke fitar da sinadarai irin su MMP-13 masu narkar da zaren da ke riƙe da shi. Haɗiyar ƙwaya ba ta tsayar da wannan. A 2006 an fitar da sakamakon wani babban gwaji a Amurka kan mutum 1,583, kuma a jimlace magungunan biyu ba su fi ƙwayar da babu magani a cikinta rage ciwo ba.

Shi ciwon ma ba daga guringuntsin yake fitowa ba, don ba ya ji. Ƙashin da ke ƙarƙashinsa da tantanin gaɓa mai kumburi su ne ke zugi. Saboda haka a rage wa gwiwar kaya. Kowane kilo ɗaya da Hajiya ta rage daga nauyin jikinta yana sauke kusan kilo huɗu daga gwiwa a kowane taku. Ki saya mata sanda, ta riƙe a hannun da ba ɓangaren ciwon ba, tsawonta ya zo daidai wuyan hannu in tana tsaye. Ta riƙa zama a kujera tana miƙe ƙafa, ta riƙe daƙiƙa 5, sau 10, safe da yamma, don naman cinya ya yi ƙarfi. Tsuguno a banɗaki yana ƙara mata wahala, kujerar bayan gida ta fi ƙwayoyin glucosamine da chondroitin amfani.

Man shafawa na diclofenac, maganin rage ciwo, ya fi na haɗiya sauƙi ga ciki da ƙoda. Don Allah ki nesanta ta da haɗin kemis mai dexamethasone: sauƙin kwana biyu ne, sai kumburin fuska, hawan sukari da raunin ƙashi.

Tambaya: An ce akwai allurar da ake yi a cikin gwiwa. Ta cancanci kuɗinta?

Amsa: Malam, ya danganta da wace. Ta sitiroyid, wato maganin rage kumburi, tana kwantar da ciwo na 'yan makonni, tana da amfani in gwiwa ta kumbura. Amma a gwajin 2017, waɗanda aka yi wa duk bayan mako 12 har shekara biyu sun fi asarar guringuntsi, ciwonsu kuma bai fi na waɗanda aka yi wa allurar ruwan gishiri marar magani sauƙi ba. Wadda ake tacewa daga jinin mutum, wato PRP, ita ma ba ta fi ruwan gishirin ba a gwajin Ostareliya na 2021.

Masu bincike ba su zauna ba, sun gwada wasu sababbin magunguna. Sprifermin ya ƙara kaurin guringuntsi kaɗan, ciwo bai ragu ba. Tanezumab ya rage ciwo, amma gaɓoɓin wasu suka lalace da sauri, kamfanonin Pfizer da Eli Lilly suka dakatar da shi a 2021. Semaglutide, maganin ƙiba, ya rage ciwon gwiwa ga masu ƙiba a gwajin 2024. In ciwo ya hana barci da tafiya duk da wannan, a nemi likitan ƙashi a tattauna batun tiyatar sauya gwiwa.