IAA ɗina ya ƙi narkewa, ya kuma sauya launi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aikin kammala digiri kan fitar da saiwar rogo a cikin kwalba. Na zuba garin IAA a ruwa ya ƙi narkewa, sai na yi ta dumama shi. Bayan kwana goma ruwan ya yi ja-ja, tsirran kuma ko saiwa ɗaya ba su fitar ba. Ina kuskuren yake?
Wata ɗaliba, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. IAA sinadari ne da tsirrai da wasu ƙwayoyin bakteriya ke samarwa daga tiriftofan (ɗaya daga cikin sinadaran da ke gina furotin), kuma shi ke tunzura tsiro ya fitar da saiwa. Da ƙyar yake narkewa a ruwa zalla, zafi da haske kuma suna lalata shi. Jan da kika gani alama ce ya riga ya lalace, ki zubar da shi.

Ki auna miligiram 100 na sabon garin IAA, ki ɗiga masa mililita 2 zuwa 5 na ruwan NaOH (sodiyam haidiroksaid) mai ƙarfin 1N, ko itanol, ki juya har garin ya ɓace. Sannan ki cika da tataccen ruwa a hankali zuwa mililita 100. Kowace mililita yanzu tana ɗauke da miligiram 1. Idan kika sheƙa ruwan lokaci guda kan wanda aka narkar da itanol, zai iya komawa gari.

Babban abin da ke cin ɗalibai shi ne zuba IAA a cikin abincin shuka na MS (haɗin Murashige da Skoog da ake renon tsirrai a kai a kwalba) kafin a dafa shi a otokilef, wato tukunyar da ke kashe ƙwayoyin cuta da tururi, digiri 121 na minti 15. Ki dafa abincin shi kaɗai, ki bari ya huce zuwa wajen digiri 50, kafin agar, wato sinadarin da ke sa abincin ya yi kauri, ya daskare. Sai ki tura ruwan IAA cikin abincin ta matacin sirinji mai ƙofar maikuron 0.22, wanda ke tace ƙwayoyin cuta ba tare da zafi ba, ki gauraya. Mililita 1 na ruwan IAA a lita ɗaya ta abincin ya ba ki miligiram 1 a lita. Ki fara daga nan ko ƙasa da haka, domin idan ya yi yawa, gindin tsiron kan kumbura ya yi dunƙulen nama maimakon saiwa.

Ragowar ruwan IAA ki raba a ƙananan bututai, ki naɗe da takardar alminiyam, ki sa a firiza mai digiri 20 ƙasa da sifili. In wutar ɗakin gwajinku ba ta tsayawa, gara ki riƙa haɗa kaɗan sabo, ko ki nemi izinin malaminki ki koma IBA ko NAA, wasu sinadaran fitar da saiwa irin IAA, sun fi jure zafi da haske.