Dalilin da ya sa ban ba ka almakashi ba tukuna

Jiya muna rufe shago ka tambaye ni me ya sa har yau ban bar ka ka yanka shaddar mutane ba, alhali hannunka ya faɗa a kan keke. Ɗana, hannunka ba shi da laifi. Halinka nake jira ya nuna.

'Yata da ke karatun NCE ta taɓa karanto mini cewa a 1964 wani malami ɗan Amurka, Krathwohl, da abokan aikinsa sun kasa yadda ɗabi'a ke shiga mai koyo hawa biyar. Dariya na yi, don a shagon maigidana a Fagge haka aka bi da mu, ba tare da takarda ba.

Da ka zo, sauraro kawai kake yi. In na ce a mayar wa mai kaya ragowar yadinsa, sai ka gyaɗa kai. Daga baya ka fara yi in an sa ka. Watan jiya kuwa na gan ka ka naɗe ragowar gezna, ko rabin yadi ba ta kai ba, ka saka a ledar Alhaji, ba ka san ina kallo ba. Ranar ka taka hawa na uku, amanar ta fara yi maka daraja da kanka.

Na huɗun ne ke kayar da teloli. Azumi ya kai ashirin, mutum ya shigo da shadda daga Kantin Kwari, ya ce zai ninka kuɗin ɗinki in za a ba shi kafin Sallah, ga kayan mutane jibge ka riga ka yi musu alkawari. Kana son kuɗin, kana son cika maganarka, dole ɗaya ya wuce gaba. Ni kaina a nan na faɗi ina saurayi. Na karɓa, wani dattijo ya je Idi da tsohuwar rigarsa. Bai zage ni ba. Wallahi da ya zaga, da ya fi mini sauƙi. Bai dai sake tako shagon ba.

Na biyar ba a koyar da shi da baki, sai ranar da ka ce "a'a" ba tare da ka tsaya lissafi ba.

Azumi saura wata biyu. Bana littafin awo yana hannunka, duk wanda ya kawo ɗinki kai za ka sa masa rana. Bayan Sallah ma yi maganar almakashi. Yanzu tashi ka hura gawayin dutsen guga.