Tuhuma, titsiye da bin bahasi: da wace kalma ake tambayar minista?

Wani malamin makaranta ya rubuto daga Damagaram. Ya ce: "Malam, duk ranar da 'yan majalisa suka kira minista, sai in ji wata rediyo ta ce sun tuhume shi, wata ta ce sun titsiye shi, wata kuma ta ce sun bi bahasi. Duk abu ɗaya ne, ko akwai bambanci?"

Akwai bambanci, Malam, mai girma kuwa, kuma na daɗe ina jin zafin yadda ake cakuɗa su. Tuhuma daga Larabci muka aro ta, ma'anarta zargi. Ba a tuhumar mutum sai ana zaton ya yi laifi, shi ya sa muke cewa "wanda ake tuhuma" a gaban alƙali. To, in ministan lafiya ya zo majalisa don ya bayyana yadda aka raba magani a asibitoci, mai labarai ya ce an tuhume shi, manomin da ke saurare a gona ya riga ya ɗauka an kama ɓarawo. Shi ma ministan sai ya shigo da shirin kare kai, magoya bayansa su ce bi-ta-da-ƙulli ake yi masa. Kalma ɗaya ta mayar da aikin yau da kullum shari'a.

Titsiye ba ta ɗauke da zargi, matsi take ɗauke da shi. Ka titsiye mutum ke nan in ka tsare shi inda ba shi da hanyar zillewa, ka ce sai ya amsa yanzu-yanzu. Mai bin bashi yakan titsiye wanda yake bi a ƙofar gida. Uwa takan titsiye ɗanta sai ya faɗi inda ya kwana. Wurin da wannan kalma ta fi dacewa da shi a siyasar duniya shi ne majalisar Birtaniya. Can kowace Laraba da tsakar rana, in majalisa na zama, firaminista yakan tsaya da ƙafarsa ya amsa tambayoyi na kimanin rabin sa'a, kuma jagoran adawa yana da damar jefa masa tambaya shida a jere. An tsayar da wannan al'ada a 1961, da farko sau biyu a mako, Talata da Alhamis, minti goma sha biyar kowane zama, sai a 1997 aka haɗe su zama ɗaya. Sauran ministoci ma kowa da ranar da ke zagayowa kansa. Wannan titsiye ne na gaske, domin mutum yana tsaye, idon duniya na kansa, ba mai amsawa a madadinsa.

Amma ni kalmar da na fi so mu riƙe ita ce bin bahasi. Bahasi ma Larabci ne, asalinsa tono da bincike. A Hausa ya ɗauki fuska biyu masu kyau: mai tambaya yana bin bahasi, wanda aka tambaya yana ba da bahasi. Duba yadda ta raba wa kowa aikinsa ba tare da ta zagi kowa ba. In ka aiki yaro kasuwa da kuɗi, ya dawo ka ce ya ba ka bahasi, ba ka ce ya yi sata ba. Kuɗinka ne, haƙƙinka ne ka ji yadda aka yi da su. Matsayin ɗan majalisa ke nan a gaban minista, domin shi wakili ne, kuma wakili a asalinsa wanda aka danƙa wa al'amarin wani ne. Kuɗin da ma'aikata ke kashewa na waɗanda suka turo shi ne.

Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ma da wannan fuska ya zo. Sashe na 67 ya ce minista zai halarci kowace daga majalisun biyu in an gayyace shi don ya yi bayanin yadda yake tafiyar da ma'aikatarsa. Sashe na 88 ya ba majalisa ikon bincike, ya kuma faɗi dalilinsa: don gyara doka, da kuma bankaɗo rashawa, sakaci ko almubazzaranci da dukiyar jama'a. Sashe na 89 ya ba ta ikon kiran kowa ya ba da shaida, in ya ƙi zuwa ba tare da uzuri ba a ba da takardar da za a kawo shi dole. Nan ne gayyata ke komawa sammaci, kalmar da muka aro daga Turanci tun zamanin kotunan Turawa. Gayyata ana iya ba da haƙuri a kanta, sammaci kuwa ba a yi masa haka. Don haka shawarata ga masu labarai: a fara da bin bahasi, in tambaya ta yi zafi a ce titsiye, kada a kai ga tuhuma sai an fito da zargi a fili.

Wata ɗaliba daga jami'a a Kano ta tambaya: "Baba Malam, me ya sa muke cewa minista alhali muna da waziri? Na ga Larabawa da masu Swahili waziri suke cewa."

Kin lura da kyau, 'yata. Mun riga mun ba waziri wani gida kafin ministoci su zo. Tun jihadi Abdullahi ɗan Fodiyo ke matsayin wazirin Shehu, Giɗaɗo ɗan Laima ya yi wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello wazirci, sarautar ta zauna a fada har yau. Da aka fara naɗa ministoci a shekarun 1950, kiransu wazirai zai rikita su da na fada, sai baki ya ɗauki kalmar Turawa ya lanƙwasa ta.

Abin da ya fi burge ni shi ne inda kalmomin biyu suka haɗu a tushe. Malaman Larabci suna danganta waziri da kalmar da ke nufin kaya mai nauyi, wato shi ne mai taya shugaba ɗaukar kaya. Haka Annabi Musa ya roƙa a cikin Suratu Ɗaha, a sanya masa waziri daga iyalinsa, ɗan'uwansa Haruna. Minista kuwa a Latin, inda Turawa suka samo ta, hadimi take nufi, mai yi wa wani hidima, kuma tushenta ɗaya da kalmar da ke nufin ƙarami. Ko ta gabas kika bi ko ta yamma, ba za ki tarar da sarki a cikin kalmar ba, ɗan dako za ki tarar. Jiniya da jerin motoci ne suka sa muka manta. Majalisa ita ma daga kalmar Larabci mai nufin zama ta fito, wurin da ake zama a yi shawara. Ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa: tun zamanin Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, Kano ke da majalisar manyan fada tara da ake kira Tara ta Kano.

Tambaya ta uku daga wani ɗan kasuwa ce a Zangon Kumasi, kuma ita ce ta fi ɗaukar mini lokaci. Ya ce: "Ina jin ana cewa ƙuri'ar yanke ƙauna, ina kuma jin tsigewa. Wace ce ta fi ƙarfi? Kuma ina ruwan ƙauna da siyasa?"

Alhaji, ƙauna a Hausa ba so kaɗai ba ce, tana ɗauke da fata da sa rai. Shi ya sa malamai ke cewa kada bawa ya yanke ƙauna daga rahamar Allah. Wanda ya fara fassara wannan ƙuri'a da yanke ƙauna ya yi gwaninta, domin abin da majalisa ke faɗa ke nan: mun daina sa ran alheri daga gare ku. Ba sai an tabbatar da laifi ba, ya isa a ce amincewa ta ƙare. Tsigewa kuwa daga tsige ƙaya ko gashi ta fito, cire abu daga mazauninsa da ƙarfi, kuma a siyasa sai an jera laifuffuka an bi matakai.

Wadda za ta yi aiki ta danganta da irin tsarin ƙasa. A Nijar, ranar 31 ga Mayu 2007, majalisar dokoki ta kaɗa wa gwamnatin firaminista marigayi Hama Amadu ƙuri'ar yanke ƙauna, 'yan majalisa 62 cikin 113 suka goyi baya, a kan badaƙalar kuɗin ma'aikatar ilimin firamare. Gwamnati ta faɗi, Shugaba Tandja Mamadu ya naɗa Seini Umaru sabon firaminista. A Ghana inda kake, tsarin mulki ya yarda majalisa ta kaɗa irin wannan ƙuri'a a kan minista guda, amma sai kashi biyu cikin uku na dukkan 'yan majalisa sun amince. Ka tuna an gwada a kan ministan kuɗi Ken Ofori-Atta a Disambar 2022, 'yan jam'iyya mai mulki suka fice daga zauren, ƙuri'a ba ta kai ba. A Najeriya kuwa tun da aka koma tsarin shugaban ƙasa a 1979, minista ba ɗan majalisa ba ne. Majalisar dattawa ce ke tantance shi kafin ya hau, amma bayan nan wanda ya naɗa shi kaɗai ke iya sauke shi. Duk ranar da ka ji an ce 'yan majalisar Najeriya za su tsige minista, an yi kuskuren kalma. Iyakarsu su nemi shugaban ƙasa ya sallame shi, ko su matsa wa ma'aikatarsa ta wajen kasafin kuɗi.

Akwai hanya ta uku da ba ta bukatar ƙuri'a, wato murabus. A Afrilun 2018 ministar cikin gida ta Birtaniya, Amber Rudd, ta shaida wa wani kwamitin majalisa cewa ma'aikatarta ba ta da wani adadi da ta ƙayyade na baƙin da za a kora daga ƙasar. Ana cikin rikicin mutanen Karebiyan da suka shafe shekaru da dama a Birtaniya bisa doka, aka wayi gari ana ɗaukarsu baƙin haure. Takardu suka fito suka nuna akwai adadin. Cikin kwanaki kaɗan ta ajiye aiki, ta ce ta ɓatar da kwamitin ba da gangan ba. Ba wanda ya tsige ta. Amsa ɗaya da ba daidai ba a gaban majalisa ita ta raba ta da kujera, kuma ina ganin wannan shi ne nauyin da ya kamata ba da bahasi ya kasance da shi a ko'ina.

Wani matashi daga Gusau ya ce in kawo masa karin maganar da ta dace da ministan da ke ƙin amsa kiran majalisa, shi dai wadda ya sani ita ce "mai kaza a aljihu ba ya jimirin as".

Taka ta yi, ɗana, amma ka yi hattara da ita, domin ta riga ta yanke hukunci. Wanda ya ɓoye kazar sata a aljihu, da ya ji an ce "as" don korar wata kaza sai gabansa ya faɗi. In ka jefa wa minista ita ka ce da shi ɓarawo, alhali wataƙila girman kai ne ya hana shi zuwa. Wadda ta fi dacewa ita ce "kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski". Wanzami ya karɓi kuɗin mutumin da cuta ta hana shi yi wa kansa aski, to ba shi da bakin cewa aikin bai yi masa daɗi ba. Da bai so, da tun farko bai miƙa hannu ba. Minista ya karɓi rantsuwa da albashi da gida, zaman amsa tambaya yana cikin abin da aka biya shi. Ka lura kuma wanda ya biya ladan shi ne mai rauni, wanda ba ya iya yi wa kansa. Haka talaka yake a gaban ma'aikatar ruwa ko ta lafiya.

Sai dai kada ka tsaya kan minista kaɗai. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Majalisar da ke amincewa da duk abin da gwamnati ta kawo ita muke kira 'yan amshin Shata, daga mawaƙan da ke bayan marigayi Mamman Shata suna maimaita amshi duk inda ya kai baiti. A wurin waƙa amshi gwaninta ce, sai da shi waƙa ke tsayuwa, amma wakilin da aka tura ya yi tambaya in ya koma amshi ya bar aikin da aka aike shi. Akwai kuma kishiyar wannan, ɗan majalisar da ke kiran minista da hayaniya gaban kyamara, bayan kwana biyu maganar ta mutu ba rahoto ba sakamako, jama'a su yi ta zargin an daidaita a bayan fage. Shi ma bai bi bahasi ba.

Saƙo na ƙarshe gajere ne, daga wata malamar asibiti a Maraɗi. Ta ce mijinta yana cewa yawan tambayar shugabanni rashin kunya ne, ita kuma ta ce masa "gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba", shin ta yi amfani da karin maganar daidai?

Daidai kika yi, Malama. Hoton na matafiya ne: ka hango kayan wani sun karkace a kansa ko a bayan jakinsa, ka ce ya gyara. Ba ka nemi ya sauke ku raba ba, so kake ya kai gida lafiya. In kin tuna abin da na ce a sama, cewa waziri ɗan dako ne, za ki ga karin maganar ta zauna daram a kan minista. Amma maigidan naki ma yana da abin dubawa a maganarsa, domin Hausa ta san bambancin tambaya da tsiwa, kuma ɗan majalisar da ya zagi minista ya ba shi hanyar tsira, sai a koma maganar zagin a manta da maganin da bai isa asibitinku ba. Ki ce masa ana iya cewa "ranka ya daɗe" a farkon jimla, a ƙarshenta kuma a tambayi inda kuɗin suka shiga da ranar da maganin zai iso.