Madubin hangen nesa na duba allon harbi: mai 75 ko mai 60?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikacin tsaro ne a nan Katsina, ina cikin masu wasan harbin bara, wato saita allo a harba, a filin da hukuma ta ware mana. Muna harbi daga mita 100 zuwa 300. Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne, duk bayan harsashi 5 sai a tsayar da harbi mu taka mu dubo takarda mu dawo. Ina son in sayi madubin hangen nesa mai ido ɗaya, irin wanda ake ɗorawa a kan ƙafa uku, amma kuɗina ba su taka kara sun karya ba. Na ga guda biyu a intanet: 25-75x70 mai araha, da 20-60x80 wanda ya ninka shi kuɗi. Raina ya fi kwantawa da mai 75 tunda ya fi jawo abu kusa. Ina sa tabarau. Wanne ka ga ya dace?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya taimaka. Kada lambar nan ta 75 ta ja ka. Ita ce aka rubuta da manyan baƙi a jikin kwali domin ita ke sayar da kaya, kuma ita ce za ka fi kowace lamba rashin amfani da ita a filin harbi na Katsina.

Bari mu fara da karanta lambobin. A 20-60x80, na farko biyun suna nufin madubin yana jawo abu kusa daga ninki 20 zuwa ninki 60. Ta ƙarshen kuwa faɗin gilashin gaba ce, milimita 80, kuma ta nan duk hasken ke shiga. Idan ka riƙe madubin nesa da fuskarka kamar kamu biyu ka kalli wurin sa ido, za ka ga wani ɗan ɗigon haske a tsakiya. Wannan ɗigon shi ne duk abin da idonka zai samu. Faɗinsa ana samunsa ne ta raba faɗin gilashin gaba da ninkin da ka murɗa. Mai 70 a ninki 75 zai ba ka ɗigon da bai kai milimita 1 ba. Mai 80 a ninki 60 zai ba ka 1.3, a ninki 40 kuma 2 cif. Ƙofar baƙin idon mutum da rana tana tsakanin milimita 2 da 3. Ka ga ke nan da zarar ɗigon ya yi ƙasa da haka sosai, hoton zai dushe, kuma motsin kai kaɗan sai ya ɓace maka gaba ɗaya. Abu ya ƙara girma amma bai ƙara fitowa ba, kamar hoton waya da aka ja da yatsu har ya farfashe.

Wannan na gilashi ke nan. Babban abin da zai tsaya tsakaninka da hujin harsashinka kuwa iska ce. Ka san yadda kwalta ke yi a hanyar Daura da azahar a watan Afrilu, ka hango kamar ruwa ya kwanta a gaba, motar da ke tahowa tana rawa kamar za ta narke. Kawalwalniya ke nan. Ƙasa ta ɗauki zafi, iskar da ke kanta tana tashi tana cakuɗuwa da mai ɗan sanyi, haske na lanƙwashewa yayin ratsa su. Madubi ba ya tace wannan, ninka shi yake yi. Ka murɗa 60, ka ninka rawar sau 60. A lissafi, takardar da ke mita 300 idan aka jawo ta ninki 60 kamar tana mita 5 ne a gabanka, kuma hujin milimita 7.62 ya kamata ya fito a wannan tazara. Da sanyin safiya yakan fito. Da ƙarfe 12 na rana a bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ko da'irar allon ma sai ka ga tana ninkaya. A irin wannan lokaci ni ninki 25 zuwa 35 nake tsayawa, kuma nakan ga abin da mai murɗawa zuwa ƙarshe bai gani ba. Hunturu kuma da nasa: hazo yana shafe bambancin fari da baƙi, takarda ta koma toka-toka. Lokacin da ya fi kowane kyau shi ne daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma washegarin ruwan sama a damina, iska ta wanku tas.

Saboda haka ga gaskiyar abin da za ka samu. A mita 100, kowane madubi mai mutunci zai nuna maka huji, har na milimita 5.56. A mita 200, mai kyau zai nuna a farar takarda, a baƙar da'ira kuwa sai an dace. A mita 300 wata rana ka gani, wata rana ba ka gani ba. Daga nan zuwa gaba, ko Swarovski na Ostiriya ko Kowa na Japan ka ɗauko, waɗanda kuɗinsu ke kai dubban daloli, ba za su yi maka alkawari ba. Shi ya sa a manyan filayen gasa ake ajiye mutane a rami ƙarƙashin allo suna liƙa alama a kan huji, ko a sa allon lantarki, ko kyamara a kusa da shi.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda mutane ke neman maganin a aljihu alhali rabinsa yana jikin takarda. Baƙin huji a kan baƙar da'ira ba ya ganuwa. Ka yi amfani da farar takarda, ka sa ɗan ɗigo mai ruwan lemo a tsakiya domin saiti. Idan bayan allon a buɗe yake, haske na ratsowa ta hujin, ya fi fitowa. Akwai kuma takardar da ake sayarwa wadda idan harsashi ya huda ta sai baƙin ya ɓare, zobe mai haske ya kewaye hujin. Kana iya haɗa irinta a gida: ka sami kwali mai ruwan ɗorawa, ka rufe fuskarsa da salatif mai faɗi, ka fesa baƙin fenti sama-sama ka bar shi ya bushe. Fenti ba ya kama salatif da kyau, don haka harsashi na bugawa sai ya ɓantare kamar girman kwabo. Na ga wannan dabara ta sa madubi mai sauƙin kuɗi ya nuna harbi a mita 300 sarai.

Kuma kada ka ɗauki kawalwalniya a matsayin abokiyar gaba kawai. Masu harbin nesa da ita suke karanta iska. Ka daidaita gani a kan allo, sannan ka ɗan dawo da shi baya kamar tsakiyar fili, allon ya ɗan dushe. Za ka ga igiyoyin zafin. Idan suna tashi sama kamar tafasar tukunya, iska ta kwanta ko tana bin layin harbinka. Idan sun karkata, ga inda take tura harsashi nan. Idan sun miƙe ɗoɗar suna gudu a kwance, ta yi ƙarfi, ta doshi kilomita 20 a awa. Wannan aikin ninki 25 ya ishe shi.

Yanzu gilashin kansa. Abu uku za ka nema a bayanin kaya. Na farko haruffan ED, wato gilashin da ke tattara launuka wuri ɗaya. Wanda ba shi da shi, idan ka kalli gefen farar takarda a rana za ka ga wani zare shuɗi-shuɗi ko kore ya bi gefen, kuma wannan zaren yana iya cinye ƙaramin huji. HD kuwa suna ne da kowane kamfani ke liƙawa yadda ya ga dama, ba ma'auni ba ne. Na biyu FMC, ma'ana duk fuskokin gilasan an shafa musu maganin hana ƙyalli hawa-hawa. Na uku BaK-4, nau'in gilashin da ke juya hoto a ciki. Ɗigon hasken nan da na ambata zai fito zagaye sumul, ba mai kusurwa ba. Idan za ka zaɓa tsakanin 65 mai ED da 80 maras shi a kuɗi ɗaya, ni 65 zan ɗauka, domin da rana kake harbi, kuma rana ba ta yi mana rowa a Katsina. A cikin masu sauƙin kuɗi da aka sani akwai Celestron Ultima 80, wanda ba shi da ED amma yana aikin mita 100 zuwa 200 lafiya. Sama da shi akwai Svbony SV406P da Celestron Regal M2, duka masu ED. Akwai kuma Vortex Diamondback HD mai 16-48x65 da mai 20-60x85. Vortex sun shahara da garanti na har abada, sai dai ka lissafa kuɗin aika kaya Amurka da dawo da shi kafin ka dogara da wannan.

Tunda kana sa tabarau, ka duba tazarar da ido zai tsaya daga gilashin baya ya ga hoto cikakke. Kada ta gaza milimita 15, in ta kai 17 ko 18 ya fi. A masu araha wannan tazara tana raguwa yayin da kake ƙara ninki, har sai ka manna tabarau a jikin roba kana leƙe kamar ta kafar makulli. Game da siffa kuma, ka ɗauki mai lanƙwasa na digiri 45 wanda jikinsa ke juyawa a cikin zobe. Kana kwance a bayan bindiga sai ka juyo da wurin idon gefenka, ka karkata kai kaɗan ka duba ba tare da ka tashi ba.

Sai ƙafa, wadda kusan kowa ke mantawa da ita. 'Yar ƙafar tebur da ake haɗowa a cikin kwalin masu araha ba ta da amfani a fili. A ninki 40, girgizar da ba ta kai kaurin gashi ba takan sa allo ya yi ta tsalle, balle iskar hunturu ta taso daga gabas. Ka ware kashi ɗaya cikin uku na kuɗinka domin ƙafa mai nauyi. Ba sai sabuwa ba: ramin sukurun da ke ƙasan madubi iri ɗaya ne da na kyamara, don haka tsohuwar ƙafar masu ɗaukar bidiyon biki za ta hau daidai, kuma kanta yana juyawa a hankali ba fizga. Kada ka zaro sandar tsakiya, ka rage tsawon ƙafafun iya yadda za ka iya, ka cika ɗan buhu da yashi ka rataya a tsakiya. Madubi matsakaici a kan ƙafa tsayayya ya fi mai tsada a kan mai rawa, na gwada duka biyun.

Ƙura ita ce ajalin waɗannan kaya a wurinmu. Na taɓa sayen wani mai araha da aka rubuta wa cewa ruwa ba ya shiga, hunturu ɗaya ya yi sai ga ƙura a cikin gilashi ta ciki, inda hannu ba ya kaiwa. Ka nemi wanda aka ce an cika shi da iskar naitirojin ko agon an toshe da zoben roba, domin abin da ya hana ruwa shi ke hana ƙura. Kada ka goge gilashi da bakin riga ko rawani. Ƙurarmu yashi ce, tana karce maganin da aka shafa. Ka fara hure ta da 'yar robar hura iska, ka bi da burushi mai laushi, sannan ƙyallen goge tabarau. Kada kuma ka bar shi a mota a rufe cikin rana.

Ba a cinikin biri a sama. Idan a hannun mutum za ka saya, ka yi wannan gwajin kafin ka biya. Ka sami farar takarda, ka shafe rabinta da baƙin alƙalamin maka, ka huda ta da bakin biro wuri 5 a fari, wuri 5 a baƙi. Ka liƙa ta a jikin turken raga a filin ƙwallo, ka koma ɗaya ragar, wajen mita 100 ke nan. Ka ƙirga hujin da kake gani a ninki 20, da 40, da ƙarshe. Ka yi da safe, ka sake da azahar in mai kayan ya yarda. Ka lura ko maɓallin daidaita gani yana tafiya sumul ko yana da lako-lako, domin a ninki mai yawa ɗan juyi kaɗan ne tsakanin gani da rashinsa. In na hannu ne, ka haska fitilar waya ta gilashin gaba ka duba karce ko wani abu mai kama da saƙar gizo-gizo a ciki. In kuma ta intanet ne, kada ka tura kuɗi sai inda aka yarda a mayar da kaya, kuma ranar da ya iso ka yi gwajin.

Kai ma'aikaci ne, ka fi ni sanin halin da jiharmu ke ciki, amma saboda sauran masu karatu zan faɗa: bindiga a Najeriya sai da lasisi a ƙarƙashin dokar makamai ta 1959, kuma harbin bara a filin da hukuma ta amince kawai ake yin sa, da mai kula da fili a tsaye. Madubin ma ka ajiye rasiɗinsa a jakarsa, kada a riƙa yawo da shi a ƙauyuka ana leƙe-leƙe. Na san kuma idan Sha'aban ya zo ƙarshe 'yan unguwa za su zo aro domin duban wata. Ka ba su, yana nuna jinjirin wata da kyau a ninki 20, amma ka tsaya a kai har rana ta faɗi gaba ɗaya, domin kallon rana ta cikinsa na daƙiƙa ɗaya yana iya ƙona ido har abada, kuma yara ba su san haka ba.

Cikin biyun da ka kawo, ka ɗauki 20-60x80, in har kuɗin ƙafa mai nauyi zai ragu bayan ka biya. Idan ba zai ragu ba, ka ƙara haƙurin wata biyu ko uku ka tara, ko ka nemi 65 mai ED na hannu. Kafin nan ka haɗa kwalin salatif ɗin nan ka kai fili ranar harbi mai zuwa, ka roƙi a fara da mita 300 tun da sanyin safiya, a bar mita 100 sai rana ta ɗaga.