Amsa ga mai tambaya kan motar haibirid: abin da na gani a hannuna

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka tun jiya da dare, cewa kana so ka sayar da Accord ɗinka ka koma haibirid, wato mota mai haɗa injin mai da batir, saboda kuɗin mai ya ishe ka, amma mutane suna tsoratar da kai wai batirinta ba ya jure zafinmu, kuma kana son sanin ko tana da daɗin shiga. Na bari sai da na samu natsuwa, don maganar ba ta layi biyu ba ce.

Ni Toyota Prius nake hawa, ƙirar 2010, mai inji 1.8. 'Yar Beljiyam na saya, tun kafin a cire tallafin mai. A lokacin 'yan'uwa da yawa sun ce na sayi wahala da kuɗina. Da aka zo 29 ga Mayun 2023, Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce 1,000, sai ga waɗancan mutanen suna kirana suna tambayar inda ake samun irinta.

Maganar mai gaskiya ce, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin nan nake so ka riƙe. Motar nan a cikin gari take nuna kanta. Idan ka shiga cinkoson Kantin Kwari ko na Bata da yamma, kana tafiya taku biyu kana tsayawa, motarka ta yanzu tana ƙona mai ko tana motsi ko ba ta motsi. Ita kuwa da ka tsaya inji yake mutuwa, da ka saki birki batir ne yake jan ta a hankali, sai an buƙaci ƙarfi inji ya tashi da kansa. Duk sanda ka taka birki kuma, maimakon ƙarfin gudun ya tafi a banza ya zama zafi, sai ya koma caji a batir. Shi ya sa ba a jona ta da wuta, ba ruwanka da ko an kawo NEPA ko ba a kawo ba. Masu yawa suna rikita ta da mota mai lantarki zalla, alhali ba ɗaya ba ne. A Amurka an auna wannan ƙirar a kan mil 50 a galan ɗaya, wato kusan kilomita 21 a lita. Ni a nan, da esi a kunne da irin hanyoyinmu, abin da nake gani yana tsakanin 17 da 19 a cikin gari. Tankinta lita 45 ne, kuma idan na cika shi nakan manta rabona da gidan mai.

A babban titi labarin yana canjawa. Idan ka hau hanyar Zariya ka danne totur a 130, inji ne yake aiki tun daga farko har ƙarshe, batir ɗan taimako kawai yake yi. Za ta fi Accord sauƙi har yanzu, amma ratar ba za ta burge ka kamar ta cikin gari ba. Don haka in aikinka Kano zuwa Abuja ne duk mako, ka sake lissafi. In kuwa kai yara makaranta ne, ofis, kasuwa, gaishe-gaishe, to kai aka yi wa ita.

Sai kuma ƙafarka. Wallahi na ba ƙanena motar nan mako ɗaya, ya dawo yana cewa bai ga wani sauƙin mai ba. Da na zauna a gefensa sai na gane dalili. Danja na ba da hannu sai ya finciki mota kamar ana bin sa, ya je gab da wata danjar ya take birki da ƙarfi. Birkin gaggawa ba ya ba batir komai sosai, faifan birki ne yake cinye ƙarfin. Ni daga nesa nake hango tsayawa, in ɗaga ƙafa, in bar ta tana gangarawa, in riƙa taɓa birki a hankali. Idan na tashi kuma nakan kai ta gudun da nake so ba tare da jan jiki ba, sannan in sassauta ƙafa kaɗan, sai ka ji inji ya yi shiru tana tafiya a kan batir. Akwai allo a gaba da yake nuna maka inda ƙarfi yake fitowa da inda yake komawa. Wata na farko idona yana kansa, yanzu ƙafata ta haddace. Har tuƙina ya yi sanyi, uwargida ma ta ce ta daina riƙe ƙofa.

Abu biyu ƙanana a nan. Kada ka saka ta a giyar N cikin cinkoso kamar yadda muka saba da sauran motoci, domin a N ba ta cajin batir. Ka bar ta a D da ƙafa a birki, in tsayuwar ta yi tsawo ka danna P. Shi kuma B da ke jikin giya na gangara mai tsawo ne, kamar saukowa daga Jos, ba na yawon cikin gari ba ne.

Daɗin shiga kuwa, abin da ya fi kama zuciyata shi ne esi. Kwamfuresarta da lantarki take aiki, ba da bel ɗin inji ba. A watan Afrilu, rana ta take, nakan tsaya a bakin makarantar yara minti ashirin ina jira, gilashi a rufe, sanyi yana busowa, inji a kashe. Can sai ka ji ya tashi na ɗan lokaci ya ƙara wa batir caji, ya sake yin shiru. Da asuba ina fita daga gida ba wanda yake farkawa. Sai dai shirun nan yana da haɗari a lungunanmu. Yara da awaki da tsofaffi da kunne suke gane mota na zuwa. Akwai ranar da wata 'yar talla ta yi ta tafiya a gabana da farantinta a ka, ba ta san ina bayanta ba sam. Tun ranar, in na shiga lungu hannuna yana kan hon. Kuma in faɗa maka gaskiya, motar tana da ƙasa. Tudun rage gudu mai tsini ko hanyar ƙauye da damina, in ka ɗauki mutum huɗu a baya, za ka ji cikinta yana gogar ƙasa. In unguwarku haka take, ka duba Camry haibirid ko Highlander, in aljihu zai ɗauka.

Yanzu batir, wanda shi ne tsoron kowa. Zafi yana cutar da shi, wannan ba ƙarya ba ne, amma yawanci mu ne muke taya zafin. Babban batirin yana bayan kujerar baya, kuma yana da fanka da take jawo iska daga cikin mota ta wata 'yar taga da ke gefen kujerar. Iskar da kake shaƙa ita yake shaƙa. Shekarata ta biyu da motar, bayan hunturu, na ga mai ya fara tafiya fiye da yadda na saba, fankar baya tana ƙara kamar za ta tashi, daga baya fitilar gargaɗi ta kama. Bakaniken farko da na je wajensa ko buɗewa bai yi ba, ya ce batir ya mutu, in kawo kuɗin wani. Hankalina ya tashi ƙwarai. Wani ya haɗa ni da wani yaro da ya san aikinta, ya jona kwamfuta, ya kwance gefen but ya ciro fankar ya miƙo mini. Ƙurar hunturu da zare-zaren tufafi sun daskare a jikin fukafukanta kamar auduga mai datti. Ya wanke ta da buroshi da iska, ya mayar. Batirin nan shi nake amfani da shi har yau. Yanzu duk ƙarshen hunturu sai an buɗe fankar, ba na yarda a jingina jaka ko bargo a bakin tagar, kuma ina neman inuwa in zan ajiye ta. Kashe esi don tsimin mai a tsakiyar bazara kuwa asara ce, don batirin kake gasawa.

Kafin ka biya kuɗi, ka tafi da mai kwamfuta. Batirin yana da gida 28 a jere, kwamfuta tana karanta su bibbiyu, layi 14, kuma ya kamata ƙarfinsu ya zo kusan ɗaya. In ɗaya ya faɗi ƙasa da sauran, ka san akwai kashe kuɗi a gaba. Masu canja gida ɗaya ko biyu faci suke yi, yana ɗaukar ka wani lokaci, amma ba sabo ya koma ba. Ka sa a leƙa ƙasa a tabbatar ba a cire abin tace hayaƙin nan na jikin salansa da ake kira indomi ba, don na Prius yana da tsada kuma ana yawan sace shi. Ka ɗaga kafet ka shinshina, saboda motocin da ambaliya ta ci a waje suna shigowa.

Bayan ka saya, kada ka bari kowane rewaya ya taɓa wayoyin nan masu launin ruwan lemo, sama da bolt 200 ne a cikinsu, suna kisa. Mai gyaran esi kuma ka tsaya a kansa, domin man kwamfuresarta daban ne, ND-11 ake ce masa, in ya zuba na sauran motoci zai jawo maka babbar matsala. Baƙin mai 0W-20 kamfani ya rubuta wa wannan injin. Ba a tura ta don ta tashi, ba a kuma jan ta da igiya tayoyin gaba suna ƙasa. In ta ƙi nuna READY a allo da safe, wato alamar ta tashi, kada gabanka ya faɗi, sau da yawa ƙaramin batirin nan ne mai bolt 12 da ke cikin but ya yi sanyi, musamman in ta kwana biyu a ajiye.

Ka faɗa mana garin da kake da irin zirga-zirgarka ta mako, da shekarar motar da aka nuna maka. In a Kano kake, ranar da za ka je dubawa ka yi mini magana, in sha Allahu zan raka ka mu jona mata kwamfuta tare.